Kwana uku a Castleton da iyali: me za mu gani, me za mu yi?

Tambaya: Ina karatun digiri na biyu a Sheffield. A watan Agusta maiɗakina da yaranmu biyu da mahaifiyata za su zo ziyara. Abokan karatuna sun ce in kai su wani ƙauye da ake kira Castleton mu yi kwana uku. Ni dai ban gane abin da za a je gani a ƙauye ba, mu da muka baro ƙauye a gida. Me ke can? Kuma Hajiya tana fama da ciwon gwiwa.

Amsa: Malam, sannu da karatu, Allah ya kawo su Hajiya lafiya. Tambayarka ta sa ni murmushi, don kusan abin da na faɗa ke nan ranar da aka fara gayyata ta can. Yau shekaru da dama ke nan ina zaune a Sheffield, kuma ina cikin masu fita da ɗalibai da iyalai tattaki a wannan yanki, rani da damina, saboda haka zan faɗa maka abin da ƙafata ta taka.

A gida, ƙauye wuri ne da matashi ke neman hanyar baro shi. A Ingila abin a juye yake: sai mutum ya tara abin hannunsa yake iya sayen gida a irin waɗannan ƙauyuka. To amma kada wannan ya sa ka zaci za ka tarar da wani abin mamaki a cikin Castleton ɗin kansa. Gidaje ne na dutse ruwan toka, da tsohon coci, da ɗan rafi mai agwagi, da shagunan shayi da na tsaraba. Cikin minti ashirin ka zagaye shi tas. Wanda ya zo a mota ya ajiye, ya ɗauki hoto, ya sha askirim ya juya, zai koma yana cewa an yaudare shi, kuma da gaskiyarsa. Abin da ake zuwa dominsa yana kewaye da garin ne, a kan duwatsu da ƙarƙashinsu, kuma yawancinsa da ƙafa ake isa gare shi. Idan ka riƙe wannan, sauran shirin mai sauƙi ne.

Castleton yana ƙarshen kwarin Hope ta yamma, a gundumar Derbyshire, cikin yankin Peak District. Daga Sheffield tafiyar kamar kilomita 25 ce. Akwai bas mai lamba 272 da ke kai mutum har cikin gari a kusan awa guda. Akwai kuma jirgin ƙasa da ke bi tsakanin Sheffield da Manchester, sai dai ba ya shiga Castleton. A tashar Hope ake sauka, kuma daga nan akwai kusan kilomita 3. Da Hajiya da kaya, bas ya fi, ko ku ɗauki hayar mota idan kana da lasisin da ke aiki a nan.

Peak District shi ne wuri na farko da Birtaniya ta ayyana a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa, a 1951. Kada kalmar gandu ta sa ka tuna Yankari. Babu shinge, babu kuɗin shiga, babu giwa. Mutane na zaune a ciki suna noma da kiwo, kuma mafi yawan filayen suna da masu su. To ta yaya baƙo zai ratsa gonar mutum ba a ce ya yi kutse ba? Nan ne abin da ya fi ba ni sha'awa a ƙasar nan. Ka san burtali, hanyar da ake bar wa shanu tsakanin gonaki, wadda manomi ba shi da ikon toshewa? To suna da irinsa, amma na mutane. Tsofaffin hanyoyin ƙafa ne da doka ta kare, suna bi ta tsakiyar makiyaya, wani lokaci har ta tsakar gidan manomi, ta gaban ƙofar ɗakin girkinsa. Za ka ga ɗan katako da kibiya. Kibiya ruwan ɗorawa tana nufin hanyar masu ƙafa ce kawai. Shuɗiya tana nufin har da masu doki da masu keke. Inda hanya ta ci karo da katanga, za ka tarar da 'yar ƙofa ko matakala a jikin katangar. Muddin kana kan hanyar, babu mai ce maka don me. Ka kauce ka shiga cikin gona, ka fita daga haƙƙinka.

Ita kuwa hawa kan tsaunuka da dazuzzukan sama, sai da aka sha gwagwarmaya. A da masu ƙasa sun killace su don harbin tsuntsaye, suna da masu gadi riƙe da sanduna. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchester, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, wani matashi mai suna Benny Rothman yana gaba. Aka yi 'yar dambe da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar na wasu watanni. Wannan ɗauri ya tayar da ƙura, kuma yana cikin abin da ya share fagen dokar 1949 da ta kafa gandayen, har zuwa dokar 2000 da ta buɗe irin waɗannan tsaunuka ga kowa. Kinder Scout ɗin kuna hango shi daga saman Mam Tor, tsaunin da ke yamma da Castleton. Ina ba ka wannan labari ne don ka san cewa tsohon da za ka gani da sanda da jaka a baya yana hawa dutse ba rashin aikin yi ne ya fito da shi ba. Mu a gida ba a tafiyar ƙafa sai da dalili, kasuwa ko gona ko gaisuwa. Su kuwa tafiyar ce dalilin.

Ranar farko ku bar ta a cikin gari da gefensa, kowa ya huta gajiya. A saman garin akwai kufan fadar Peveril, wadda garin ya samo suna daga gare ta. An kafa ta ba da daɗewa ba bayan Normawa daga arewacin Faransa sun ci Ingila a 1066, tana cikin kundin ƙidayar filaye na 1086, kuma hasumiyar da ta rage a tsaye Sarki Henry na Biyu ne ya gina ta a 1176. Ana biyan kuɗin shiga, kuma hanyar hawan tana da tsayi, karkace take kamar tafiyar maciji. Yara za su ji daɗinta, Hajiya kuwa ta gan ta daga ƙasa ya wadatar. In gaskiya kake so, ginin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Hangen kwarin daga can sama shi ne ribar kuɗinka.

Abin da na fi so a ranar farko kyauta ne. A bayan dandalin kasuwar garin akwai wani ɗan lungu tsakanin gidaje, kamar ba zai kai ko'ina ba. Ka bi shi, ka wuce tsakanin duwatsu biyu, sai kawai ka tsinci kanka a cikin wani kwari mai ciyawa shar, bango na dutse dama da hagu, fadar tana leƙo ka daga sama. Cave Dale ke nan. Ku shiga kamar tafiyar minti goma sha biyar ku dawo. Sai dai a kula, dutsen wurin idan ya jiƙe santsinsa ya fi na sabulu. A nan na fara faɗuwa a ƙasar nan, sanye da takalmin zuwa ofis, a gaban wasu tsofaffi biyu da suka girme ni da shekara talatin, suka ɗaga ni suna ba ni haƙuri kamar su suka ture ni.

Sai koguna. Dutsen da ke kudu da garin irin wanda ake yin siminti da shi ne, kamar na Ashaka da na Sakkwato, shi ya sa ma za ka hango doguwar bututun hayaƙin masana'antar siminti a Hope. Ya samu ne a ƙarƙashin wani teku mai ɗumi fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, kuma idan yara suka duba duwatsun katanga da kyau za su ga burbushin halittun ruwa a jiki. Ruwan sama yana narkar da irin wannan dutse a hankali, sai ya bar ramuka da koguna a ciki. Huɗu ake shiga da 'yan yawo, kuma ban ba ka shawarar ku shiga duka ba. Kuɗi ne, kuma bayan na biyu yara sun ƙoshi da duhu.

Peak Cavern shi ne mafi kusa, ana bin gefen rafi daga tsakiyar gari, hanya kusan shimfiɗaɗɗiya. Bakinsa shi ne mafi girman bakin kogo na halitta a Birtaniya, har iyalai masu tufkar igiya sun yi zamani suna zaune a ciki da gidajensu, suna yi wa masu haƙar darma igiyoyi. Har yanzu ana nuna yadda ake tufkar. Yana da wani suna na gargajiya da ba zan rubuta ba tunda da Hajiya za ku je. Za ka gan shi a allo, ka yi kamar ba ka gani ba. Hajiya za ta iya zuwa har bakin kogon, amma a ciki akwai wurin da sai an duƙa ana tafiya, wannan ba nata ba ne. Speedwell kuwa tsohon ramin haƙar darma ne na ƙarni na 18 da ruwa ya cika. Ana sauka matakala sama da ɗari, a sa hular kwano, a shiga kwalekwale a bi ta wani siririn rami. Yara maza sukan haukace a kansa. Wanda ƙirjinsa ke ƙunci a matsattsen wuri kada ya gwada, don babu juyawa a tsakiya. Sauran biyun, Treak Cliff da Blue John, a jikin tsauni guda suke, kuma daga nan ake samo wani dutse mai zane-zanen shuni da ruwan ɗorawa da ake kira Blue John, wanda a duk Birtaniya nan kaɗai ake haƙo shi. Shi ne za ka gani a zobba da 'yan kunne a shagunan garin. Idan Madam ta ƙyalla ido a kai, ka sani dutse ne mai saurin fashewa, ba na sawa a yi wanke-wanke ba. In ni ne, Treak Cliff zan zaɓa wa iyali saboda kyan duwatsun da ke rataye daga rufinsa, in ƙara da Speedwell idan yaran sun nace. Kowane kuka shiga, ku sa suwaita. Cikin kogo bai san da Agusta ba.

Rana ta biyu ita ce zuciyar tafiyar, kuma ba dole sai ta zama ta biyun ba. Ka duba hasashen yanayi, ranar da ta fi haske a cikin ukun ita za ka ba Mam Tor. Tsayinsa mita 517 ne daga doron teku, garin kuwa yana kusan mita 200, ka ga hawan bai wuce na mita 300 da 'yan kai ba. Ana yi masa laƙabi da tsauni mai makyarkyata, don gefensa na gabas kullum zamewa yake. Ƙarƙashinsa dutse ne mai laushi mai ɓarewa, samansa mai nauyi, idan ruwa ya shiga tsakani sai ƙasa ta motsa. An taɓa shimfiɗa babban titi ta gindinsa, aka yi ta gyara yana karyewa, har hukuma ta haƙura ta rufe shi a 1979. Titin yana nan, kuma ana hawa ta kansa da ƙafa. Za ka ga kwalta ta tsage ta yi hawa-hawa, sabuwa a kan tsohuwa, wani wurin ta nutse fiye da tsayin yaro. Zai tuna maka da wasu titunanmu, sai dai wannan ba ɗan kwangila ne ya cinye kuɗin ba, ƙasar ce ta ƙi zama.

Ga yadda nake raba iyali irin naku. Idan da mota, ku hau ta Winnats Pass, wani titi mai tsananin gangara da ke ratsa tsakanin manyan duwatsu, tumaki na kwance a gefensa ba ruwansu da kowa. Hawan kaɗai abin kallo ne, kuma Hajiya za ta gan shi daga kujerarta. A sama akwai wurin ajiye motoci na Mam Nick, ana biya, kuma yana cika da wuri, saboda haka ku isa kafin tara na safe. Daga nan zuwa ƙololuwa matakala ce ta dutse, minti ashirin ko ƙasa da haka. Hajiya ta zauna da shayinta a fulas tare da wani, ku je ku dawo, ku canji juna. Kada ka bari kunya ko zumuɗi su sa ta hau. Mai ciwon gwiwa hawa ba ya ba shi wahala kamar saukowa.

A saman za ka ga kwarin Edale ta arewa, da faffaɗan bayan Kinder Scout, ta ɗaya gefen kuma kwarin Hope gaba ɗaya, gonaki an yanka su da katangun dutse waɗanda babu siminti ko laka a tsakaninsu, jeri ne kawai. Ka lura da wani tudu da rami da suka kewaye ƙololuwar: ragowar ganuwa ce ta mutanen da suka zauna a can kusan shekara dubu uku da suka wuce. Idan iska ta yi daidai za ka ga masu tashi da lema suna shawagi kamar shirwa. Iskar wurin kuwa ba wasa, hula ba ta zama a kai.

Daga ƙololuwa hanya ta miƙe a kan doron tsaunin, kwari dama kwari hagu, tsawon kamar kilomita 3 zuwa Lose Hill. A ganina babu tafiyar da ta fi wannan riba a duk yankin idan aka auna wahala da abin da ido ke samu. A tsakiya akwai wata mahaɗa da ake kira Hollins Cross. Kafin a gina wa mutanen Edale cocinsu, ta nan suke ɗauko gawa a kafaɗa su tsallaka tsaunin zuwa maƙabartar Hope, daga baya kuma ta nan matan Castleton ke bi kullum zuwa aiki a masaƙar auduga ta Edale. Idan yara sun gaji, daga nan akwai hanyar gangarawa kai tsaye zuwa Castleton. Idan da sauran ƙarfi, ku wuce Back Tor, inda akwai ɗan hawa mai duwatsu da ke son a riƙe hannun ƙaramin, ku ƙarasa Lose Hill mai mita 476. Tunda a Sheffield kake, ka san cewa masu tattakin garinku ne suka haɗa kuɗi suka sayi kan wannan tudu a 1945 suka ba jagoransu G.H.B. Ward, shi kuma nan take ya miƙa shi ga ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi da filaye, don ya zama na kowa. Wanda ya taso da ƙafa daga gari ya yi zagayen duka ya dawo, ya ware awa huɗu. Da yara, biyar.

Kinder Scout kuwa ka bar shi sai wani zuwan, kai da abokanka. Tsayinsa mita 636, samansa fili ne na baƙar laka mai riƙe ruwa kamar soso, babu alamar da ido zai kama, kuma hazo yana rufe shi cikin mintuna. Daga Edale ne doguwar hanyar Pennine Way ta fara, wadda aka buɗe a 1965, tana tafiya fiye da kilomita 400 har cikin Scotland. Ba wurin koyo ba ne da ƙananan yara.

Maganar sutura ita ce inda mutanenmu suka fi faɗuwa. Abin da Bature ke kira zafi a Agusta, ga wanda ya sauko daga Kano sanyin hunturu ne, balle a saman dutse. Kowa ya samu rigar ruwa, ba lema ba, don iska za ta juye lemar. Takalmi ya zama mai haƙora a ƙasa, kuma a fara sa shi kwana biyu kafin tafiyar. Wandon jins idan ya jiƙe ba ya bushewa, sai ya yi ta zuƙe ɗumin jiki. Ga Madam, doguwar abaya mai jan ƙasa tana kwasar laka kuma tana sarƙewa a matakalar katanga. Ta sa wando mai kauri da riga zuwa gwiwa, da hijabin da ba ya tashi a iska. Ka sauke taswira a wayarka tun a gida, don sabis yana ɗaukewa a cikin kwari, ko ka sayi ta takarda mai lamba OL1 ta Ordnance Survey, hukumar zana taswirar ƙasar. Idan wani ya ji rauni a sama, ka kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceto na kan tsauni kake so. 'Yan sa-kai ne, ba sa karɓar ko sisi, amma zuwansu yana ɗaukar lokaci, shi ya sa ake son rigar ɗumi ta kasance a jaka.

Dabbobi kuwa, babu kura babu zaki, amma saniya mai ɗan maraƙi tana iya kashe mutum, kuma ta sha yi a ƙasar nan. Kada ku ratsa tsakaninta da ɗanta, ku zagaye nesa, ba gudu ba ihu. Yara kada su kori tumaki. Ƙofar gona ka bar ta yadda ka same ta, a rufe ko a buɗe, manomi ya san dalilinsa. Akwai wani ganye mai gashi-gashi a gefen hanya da ke harbi kamar an watsa wa mutum barkono, ba ya da haɗari amma yaro zai yi kuka. Ka nuna musu shi tun ranar farko. Da dare a duba ƙafafu da bayan gwiwa saboda kaska, don wasu suna ɗauke da cuta. Za ku haɗu da karnuka da yawa tare da masu su. Idan yaranka na tsoro, ku tsaya gefe, mafi yawan mutane za su janye nasu. Kuma don Allah kada a je da gawayi da niyyar gasa nama a kan tsauni. Lakar nan idan ta bushe tana cin wuta ta ƙarƙashi, kuma gobarar tsaunin Saddleworth da ke kusa da Manchester ta 2018 makonni aka yi ana fama da ita.

Rana ta uku ina so ka kai Hajiya Eyam, ana furta shi kamar "Iim", tafiyar kusan minti ashirin da biyar a mota. A 1665 aka aiko wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, ashe da ƙuma mai ɗauke da annoba a ciki. Mutane suka fara mutuwa. Da abin ya yi tsanani a shekarar da ta biyo, limamin cocinsu William Mompesson ya shawo kan jama'ar gari suka amince babu mai fita babu mai shiga, don kada cutar ta isa garuruwan kewaye. Maƙwabta suna ajiye musu abinci a kan iyaka, su kuma suna saka kuɗi a ramukan wani dutse da aka zuba wa ruwan khal. Dutsen yana nan da ramukansa. Aƙalla mutum 260 suka mutu cikin wata goma sha huɗu, har da matar limamin. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, kuma kaburburan suna nan a wani fili a gefen gari. Na taɓa kai wata dattijuwa daga gida, da na gama ba ta labarin sai ta yi shiru, can ta ce ai wannan shi ne abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da shi: idan annoba ta sauka a gari kada na waje ya shiga, kada na ciki ya fita. Tsakiyar garin ba ta da hawa sosai, gidajen suna da alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki, akwai kuma ɗan gidan tarihi.

Da yamma, idan da sauran lokaci, ku biya ta madatsar ruwa ta Ladybower, wadda aka kammala a 1943, ruwanta ya haɗiye ƙauyukan Derwent da Ashopton. A shekarun fari, kamar 2018, kufan gidajen Derwent sukan fito. Akwai hanya shimfiɗaɗɗiya a bakin ruwa da wurin hayar keke a Fairholmes. A kan hanya za ku ga tsaunuka sun rine da shuni. Wani ɗan tsiro ne da ke fure a Agusta, kun zo a daidai. Gidan sarauta na Chatsworth da garin Bakewell suna da kyau, amma yini guda suke ci, ku bar su.

Babu masallaci a Castleton, babu mahaucin halal. Ku kama gidan haya mai ɗakin girki, ku yi cefane a London Road ko Spital Hill a Sheffield kafin ku taso. Ka kuma gaya wa Hajiya tun yanzu kada ta ɗauko kilishi ko dambun nama ko man shanu, doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe. Gidajen cin abincin ƙauye yawancinsu mashaya ne da iyalai ke cin abinci a ciki da rana. Idan ranka bai kwanta ba, shagunan shayi sun ishe ku. Ko kifi za ku ci ka tambaya, don wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake soya shi, wasu kuma da kitsen dabba suke suya.

Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, kada sabo ya sa ku fuskanci gabas sak. A farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, a ƙarshensa wajen takwas, ka ga azahar da la'asar ne za su same ku a waje. Nisan daga Sheffield bai kai na ƙasaru ba a mazhabar Malikiyya. Ku riƙe gorar ruwa daban ta alwala da shimfiɗar leda, don ciyawa a jiƙe take ko da rana ta fito. Na yi salla a gefen hanyoyin nan ba adadi, masu wucewa sukan rage murya ne su wuce.

Za a kalle ku, wannan babu makawa, baƙar fata da hijabi ba su da yawa a kan tsaunukan nan. A ranar Kirsimetin 2021 ƙungiyar Muslim Hikers ta hau Mam Tor da mutane sama da ɗari, wasu suka bi hotunan da baƙaƙen maganganu a intanet, wasu da yawa kuma suka fito suka kare su. A kan hanya dai, abin da na fi gamuwa da shi gaisuwa ce. Baturen da ba zai dube ka ba a cikin bas a Sheffield, a kan dutse shi zai fara ce maka sannu, har ya tsaya ya yi maka ƙorafin ruwan sama. Ka amsa, ka koya wa yara su amsa.

Ka kama masauki tun yanzu, don Agusta lokacin hutun makarantu ne, kuma ka kauce wa ƙarshen makon da ya haɗa da Litinin ta ƙarshe a watan, ranar hutu ce, garin ba ya da masakar tsinke. Tsakiyar mako ta fi arha da sarari. Idan da bas za ku koma, ka duba lokacin na ƙarshe tun da safe, musamman ranar Lahadi da ake rage su. Tashar jirgin Hope dandamali ne kawai a tsakiyar gonaki, babu ma'aikaci, babu tasi da ke jira. Wanda ke son tasi a wannan kwari tun da rana yake kira ya ajiye.